Ko-ta-kwana a Bakin Ƙofa

A ofishin kula da annoba babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Ko-ta-kwana ake ce masa, da farko a bayan idonsa, daga baya har a gabansa, da aka lura sunan yana yi masa daɗi. Shi ne shugaban sashen da ke shirya wa ranar da wani mugu zai saki ƙwayar cuta cikin jama'a da gangan. Ranar ba ta taɓa zuwa ba. A wurinsa wannan shaida ce ta cewa yana aikinsa da kyau, ko da yake ranar ba ta zo wa sauran garuruwan da ba su da kowa irinsa ba.

Mutum ne mai tsabta, mai furfura a gefen kai, kullum cikin kwat mai ruwan toka. Yana da tabarau da ya yi masa yawa, bini-bini ya zamo kan karan hanci, shi kuma ya tura shi sama da ɗan yatsa ba tare da ya san ya yi ba. Matarsa ta gaji da cewa ya kai a matse masa.

Darasinsa kowa a ofishin ya haddace, har direbobi. In ka buɗe ambulan ɗin wasiƙa ka ga hoda, kada ka hura, kada ka kakkaɓe, kada ka ɗauka ka je nuna wa wani. Ajiye ta, rufe ta da abin da ke kusa, kashe fanka. Duk wanda ke ɗakin ya fita zuwa ɗakin gefe, a ja ƙofa, a wanke hannu, a kira masu ɗauki. Kuma babu wanda zai bar wurin, ko waye shi, domin wanda ya tafi ya tafi ne da abin a jikinsa.

"Ranar da abin zai faru ba za ku samu damar yin tunani ba," haka yake rufe kowane darasi. "Abin da jiki ya saba, shi zai yi. Shi ya sa muke atisaye."

Atisayen kuwa ana yi. Ana sanar da shi tun da wuri, a manna takarda a allo. Ƙananan ma'aikata su shiga ɗaki su kwanta a ƙasa suna gumtse dariya, wani ma ya shimfiɗa jarida don kada wandonsa ya yi datti. Ko-ta-kwana ya ja ƙofa, ya tsaya daga waje da lasifika yana ba da umarni. In an gama a sha lemo, a ɗauki hoto. Shi kansa abin yana damunsa. Ya sha rubuta wa hedkwata cewa wannan wasan kwaikwayo ne, atisayen gaskiya shi ne wanda ba a sanar da kowa ba, har shugaba. Ba su taɓa ba shi amsa ba, har ya daina jira.

A cikin ma'aikatansa akwai Auta, ƙanwar matarsa. A gidansa ta girma bayan rasuwar mahaifinsu. Shi ya koya mata lissafi a kan teburin cin abinci, shi ya raka ta ranar da ta fara jami'a, yana ɗauke da akwatinta a ka don hannun ya tsinke. Yanzu ita ke bin diddigin cututtuka a sashen, kuma ba don shi ba, sai don kanta yana ja. An riga an sa sunanta a matsayin wadda za ta jagoranci sabuwar tawagar ɗaukin gaggawa, amincewar hedkwata kawai ake jira. A gida ko a ofis, Yaya take ce masa.

"A nan ni ba yayan kowa ba ne," yakan ce mata in ta kira shi haka a taro.

"To, Yaya," ta amsa. A yi dariya, shi kuma ya ɗaure fuska da ƙyar.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Ya leƙa ofishin da Auta ke zaune tare da Dogo, mutumin ɗakin gwaje-gwaje. Kofin shayi na hannun damansa, wasiƙun da masinja ya ba shi a mataki na hannun hagu. Ya jingina da teburinta.

"Ke, yayarki ta ce in tambaye ki ko kin yi fushi da mu ne, shiru kwana biyu."

"Ni da nake gidanku kowane ƙarshen mako? Ku dai kuna neman mai wanke-wanke."

"Wanke-wankenki? Kofin da kika wanke sai an sake wankewa kafin a ba baƙo."

"Wanda ya koya mini shi za a tuhuma, Yaya."

Dogo ya ce daga bayan kwamfutarsa, "Ni dai a bar ni a waje, ba na shiga faɗan gida."

Ko-ta-kwana ya miƙa mata wata ambulan mai ruwan ƙasa da sunansa a jiki. "Buɗe mini wannan, hannuna a cike."

Ta sa kan biro ta yage bakin. Da ta zaro takardar, wata farar hoda ta biyo ta, ta tashi kamar hayaƙi, fanka ta kwashe ta ta watsa. Ta sauka a kan tebur, a kan hannuwan Auta, a gaban rigarta, a hannun kwat ɗinsa da bayan hannunsa. A takardar an rubuta da manyan baƙaƙe: kun shaƙa, kun gama.

Fanka ta ci gaba da juyawa.

Daga baya ya yi ta neman inda ya yanke shawara, bai samu ba. Ya san dai ya ajiye kofin, ya tura tabarau sama, ya ja da baya. Makunnin fanka yana nan dab da ƙofa, kafaɗarsa ma ta goge shi, bai taɓa shi ba. Ya tsinci kansa a baranda, ƙofar a rufe. Makulli yana jikinta ta waje, inda mai shara ke barinsa kowace safiya. Ya murɗa shi, ya zare.

"Yaya?" ya ji muryarta ta cikin katako. Ba ihu ta yi ba. Tambaya ce kawai.

Ya sauka mataki yana riƙe da ƙarfen gefe. A ƙasa akwai siton da ake ajiye magungunan ranar masifa. Ya buɗe, ya ɗauki katin magani guda, ya ɓalle ƙwaya ya haɗiye ba ruwa, har ta tsaya masa a maƙogwaro. Sauran ya sa a aljihun wando. Ya fita ta ƙofar baya zuwa motarsa, ya tuɓe kwat ya cusa a but, ya je famfon da direbobi ke wanke mota ya cuɗe hannuwansa da sabulunsu har zuwa gwiwar hannu. Lasifikarsa tana but ɗin, inda take kwana kullum. Da ya ji nauyinta a hannu, numfashinsa ya fara daidaita.

Daga nan kuma, a faɗi gaskiya, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ya buga waya inda ya kamata. Ya sa aka kashe na'urar sanyaya ginin, aka rufe ƙofar waje, aka tara ma'aikata a farfajiya ta gefen da iska ke fitowa. Ya hana masu kuka gudu, ya hana masu son gani matsowa. Wata mai buga takardu ta ce wa ta kusa da ita, "Kin gani ko? Irin wannan rana ake ajiye mutum irinsa." Ya ji, kuma abin kunyar shi ne maganar ta yi masa daɗi.

Wayarsa ta yi ta ruri a aljihu, kusa da katin maganin. Bai duba ba. Can sai tagar bene ta ɗan buɗe, Auta ta leƙo, ta rufe hanci da gefen ɗankwalinta.

"Yaya! Dogo ya kashe fanka, mun rufe abin da kwandon shara. A buɗe mana mu koma ɗakin gefe mu wanke hannu!"

Duk farfajiyar ta ɗaga kai, sannan ta juyo gare shi. Makullin yana aljihunsa. Hawa bene ne kawai. Ya ɗaga lasifika.

"Waɗanda ke ciki su rufe taga, su kwantar da hankalinsu. Masu ɗauki suna hanya."

Ta tsaya tana kallonsa daga sama. Sannan ta ja tagar a hankali.

Masu ɗauki sun iso da saurin da ya kamata ya ba shi mamaki, da hankalinsa na jikinsa. Fararen kaya tun daga kai har ƙafa, fuska a rufe. Ya miƙa musu makulli a tafin hannu. Suka kafa tanti a farfajiya, suka fito da mutanen biyu, suka yi musu wanka da ruwan sanyi ɗaya bayan ɗaya. Dogo ya fito cikin rigar leda da ta tsaya masa a gwiwa. Auta ta fito lulluɓe da bargo, leɓɓanta na rawa, takalmanta da kayanta a ɗaure cikin jaka. Ba ta nemi inda yake da ido ba.

Sai shugabar masu fararen kayan ta cire abin fuskarta. Ya san ta. Ɗalibarsa ce ta dā, ya koyar da ita tun tana tsoron ɗaga hannu a aji, yanzu ita ce jami'ar da hedkwata ke turawa duba shirin ofisoshi. Ta karɓi lasifikar daga hannunsa da ladabi.

"Jama'a, a yi haƙuri. Atisaye ne. Hodar ba ta da komai a ciki, ko jariri ya lasa ba abin da zai same shi. Malam ne ya daɗe yana roƙon a yi wanda ba a sanar ba, yau mun cika masa burinsa."

Farfajiyar ta kaure. Masu dariya na yi, masu zagi na yi, mai buga takardun nan ta zauna a ƙasa tana cewa wallahi sai ta kai ƙara. Aka fara tafa wa Ko-ta-kwana. Shi ma ya ji wani sanyi ya ratsa shi, ba zai mutu ba, Auta ba za ta mutu ba. Sanyin bai daɗe ba. Ya tuna irin hodar da hedkwata ke amfani da ita, don shi ya ba da shawarar a sayo ta. A ido fara ce kamar kowace hoda, in ta yi kaɗan ma ba a ganinta. Amma in aka haska ta da wata fitila mai shuɗin haske, sai ta yi ƙyalli, ta nuna duk inda hannu ya kai ta.

Jami'ar ta tara su uku, shi da Auta da Dogo, a gindin mataki. Fitilar na hannunta, ba ta fi tocila girma ba.

"Su wa ke ɗakin lokacin da aka buɗe ambulan?"

Dogo ya dubi Auta. Auta ta ja bargo ta rufe wuyanta.

"Mu biyu ne," ta ce.

Dogo ya sunkuyar da kai yana nazarin yatsun ƙafarsa.

"Wa ya kulle ƙofa?"

"Ni ne," in ji Ko-ta-kwana. Muryar darasi ce ta fito, a natse. "Ina wucewa na ji abin da ya faru. Na ga gara a tsare shi wuri guda."

"Ai ba haka ka koya mana ba, Malam. Cewa ka yi a fitar da mutane, a rufe hodar ita kaɗai."

"Littafi daban, fili daban. In kin daɗe a aikin za ki gane."

Ba ta yi musu ba. Ta kunna fitilar. Matakin yana da duhu ko da rana, don haka ba a sha wahala ba. A kan ƙarfen gefe ga shatin hannu yana ƙyalli, kore-kore, ga wani a ƙasansa, ga wani, kamar wanda ya riƙe ƙarfen don kada ya faɗi. Suka bi shi har ƙofar sito. Mariƙin yana ƙyalli. A ciki, a kan kantar ajiya, kwalin magani a buɗe, bakinsa yana ƙyalli.

Jami'ar ta kashe fitilar. "Wani ya fita daga ɗakin nan da hoda a hannu, ya sauko ya ɗebi magani. Da abin gaske ne, da duk wanda ya taɓa ƙarfen nan bayansa ya shiga lissafi. Su wa ke riƙe da makullin sito?"

"Ni da Yaya," in ji Auta.

Jami'ar ta dubi hannuwan Ko-ta-kwana, ta ɗan haska su kamar mai neman gafara. Fes suke, sabulun direbobi ba ya wasa. Rigarsa fara tas, kwat ɗin ya tare mata komai. Ta juya ga Auta, muryarta ta yi ƙasa.

"'Yar'uwa, ba kama ɓarawo na zo yi ba. Tsoro ba laifi ba ne, kowa yana ji. Amma ke aka ba mu sunanki za ki riƙe tawaga. In kin fita kin dawo kafin a kulle ƙofa, ki faɗa mini. Wadda za ta ɓoye wannan ba zan iya sa hannu a ba ta mutane ba."

Auta ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. A karo na farko tun daga taga ta ɗago ta dube shi. Babu zargi a idon, da akwai ma da ya fi sauƙi. Jira take yi, irin jiran da take yi tana ƙarama in ta kawo masa lissafin da ya gagare ta, ta tabbata zai warware.

Maganar tana bakinsa, gajeriya ce. Ina cikin ɗakin. Ya ji nauyinta a kan harshe. Ya kuma ji tafin da aka yi masa ɗazu, da shekarun da ya yi yana tsaye gaban allo.

"Ina ganin," ya ce, "kada mu tsaya neman mai laifi a mataki. Mu je zaure mu tattauna darasin gaba ɗaya. Manufar atisaye gyara ce, ba tozarta ma'aikaci ba."

Dogo ya yi wani sauti a maƙogwaro, ya mai da shi tari.

Zauren taro ya cika. An samo wa Auta wata doguwar riga a wurin mai buga takardu, ta yi mata yawa, ta zauna a layin gaba hannuwanta a cinya. Jami'ar ta sa aka ja labule aka kashe wuta, don kowa ya ga yadda hodar ke yawo. Ta haska takalman Dogo, ta haska kofin shayin da aka sauko da shi daga ofishin, mutane suna ta "kai!" da "ikon Allah!" Babu wanda ya tambayi kofin na waye. Sannan ta ajiye fitilar a kan tebur, a kunne, bakinta na kallon sama, ta ce Malam zai yi jawabi kafin ta ci gaba.

Ya taso ya tsaya a bakin teburin, inda ya saba tsayawa. Ya dafa shi ya ɗan sunkuyo, yadda yake yi in zai faɗi magana mai nauyi.

"Abin da muka gani yau," ya fara, "ya tabbatar da abin da nake faɗa muku kullum. Wanda ya bar wurin, ya tafi ne da abin a jikinsa. Ba ya ganinsa. Yana jin ya tsira, alhali..."

Wani ya yi dariya a baya, ya haɗiye ta da sauri. Ko-ta-kwana ya dakata, ya ci gaba. Ya lura fuskokin layin gaba, waɗanda shuɗin hasken ya ɗan taɓa, ba bakinsa suke kallo ba. Sama kaɗan suke kallo. Mai buga takardu ta sa hannu ta rufe baki. Jami'ar, da ke tsaye a gefensa, ta kau da kai zuwa bango.

"...alhali kowane abin da ya taɓa," ya ce, muryarsa ta fara sirancewa, "kowane mutum da ya..."

"Ranka ya daɗe," in ji Dogo a hankali. "Tabarau."

Ya cire shi. Ba tare da shi ba zauren ya zama inuwoyi, amma abin da ke hannunsa ya gan shi sarai. Tsakiyar tabaraun, inda yake turawa da yatsa, tana ci kamar garwashi kore. A kan gilashin dama ga shatin yatsa cikakke, da zanensa da komai. Ya san akwai irinsa a karan hancinsa. Ya wanke hannu har gwiwa, ya ɓoye kwat, ya manta da abin da ke zaune a tsakiyar fuskarsa.

Wani mai tausayi ya kunna wuta, ƙyallin ya ɓace, tabaraun ya koma tabarau. Amma an riga an gani.

Bayan an watse, jami'ar ta same shi a ofishinsa. Ba ta zauna ba sai da ya ce ta zauna. Ya ciro katin maganin daga aljihu ya ajiye a tebur, gurbin ƙwaya ɗaya a fashe.

"Abin da na gani zan rubuta, Malam."

"Rubuta. Yarinyar fa?"

"Ba ta fita ba, wannan ya tabbata. Amma na tambaye ta su wa ke ɗakin, ta ce su biyu. A aikinmu ka san babu abin da ya fi ɓoye wanda ya shaƙa muni. Zan rubuta dalilinta, zan kuma rubuta cewa ita da Dogo sun yi duk abin da ya kamata a cikin ɗakin. Sauran na waɗanda ke sama da ni ne."

Da yake malami ne, kuma malami ba ya rasa bayani, ya ce, "Kin san abin da na gano? Duk atisayen da muka yi a gidan nan, ban taɓa kasancewa a cikin ɗakin ba. Kullum ina waje, ni ke jan ƙofa. Jikina abin da ya saba ya yi. Ƙafafuna sun kai ni inda suka san ina tsayawa."

Ta ce wannan magana ce mai amfani, za ta sa a rahoto, daga yanzu a riƙa sa shugabanni a cikin ɗaki. Har ta rubuta a takardarta.

Bayanin ya yi kyau ƙwarai, har ya kusa ba shi sha'awa. Da wani ne ya yi abin, da ya gina darasi guda a kansa. Sai da ta fita ya zauna da shi, ya ga iyakar inda ya tsaya. Ya bayyana ƙafafu. Bai bayyana makulli ba, don a atisaye ba a taɓa kullewa. Bai bayyana kati guda ba, alhali mutum uku suka shaƙa. Tsayuwar da ya yi a gindin mataki kuwa, a lokacin ya riga ya san hodar ba ta kisa, jikinsa ba ya rawa, yana da duk damar yin tunani. Kuma ya yi tunanin.

Sauran kwanakin makon ya zo aiki, don bai san inda zai je ba in bai zo ba. Ana gaishe shi kamar kullum, har an fi kullum ladabi. Sunan nan dai ya ɓace, babu mai ce masa Ko-ta-kwana, ko a gaba ko a baya. Auta tana turo masa rahotanni ta hannun masinja. Sau ɗaya suka yi kiciɓis a mataki, ta matsa jikin bango ta ba shi hanya, ya wuce yana kallon ƙarfen da aka riga aka goge.

A gida bai ce komai ba. Matarsa ta ji a bakin maƙwabta cewa an yi atisaye a ofis har an yi wa mutane wanka a farfajiya, ta yi dariya har da hawaye, ta ce ita dai da ta ga Dogo cikin rigar leda. Ya yi murmushi. Ya sa rai Auta ba za ta zo ƙarshen mako ba, ya kuma ji tsoron kada ta ƙi zuwa.

Ta zo. Da rana tsaka ya ji muryarta a kicin, ita da yayarta, da ƙarar tukwane. Yana falo da jarida a buɗe, bai karanta layi ɗaya ba. Can ta fito da tire, ta ajiye a gabansa, ta ɗan rusuna.

"Ga ruwa, Yallaɓai."

Matarsa na biye da ita da kwanuka. Ta tsaya cak.

"Yallaɓai kuma? Yau wace rana? Ko an ƙara masa girma ne ba a gaya mini ba?"

Ta dubi ƙanwarta, ta dubi mijinta, dariyar ta fara barin fuskarta.

"Ke Auta, lafiya? Me ya haɗa ku? In wasan nan naku ne ya yi tsami, ku gaya mini in raba, na saba."

"Ba komai, Yaya," in ji Auta, ga yayarta take magana. Sunan ya wuce ta gabansa bai tsaya ba. Ta shiga jera cokula, kowane a gefen farantinsa, a hankali, kamar aikin yana buƙatar natsuwa.

"Ba komai ba ya sa mutum ya canza wa mutum suna." Matar ta ajiye kwanukan. "Kai ma tun ranar atisayen nan ba ka cin abinci. Kuma ina kwat ɗinka mai ruwan toka? Na nema zan ba mai wanki, ban gani ba."

"Yana but," ya ce.

"Me yake yi a but?"

Auta ta gama da cokulan. Ba ta koma kicin ba. Ta ja kujera ta zauna a ɗaya gefen teburin, teburin da ya koya mata lissafi a kai, ta haɗa hannuwa. Ba za ta faɗa ba, ya gane, ko yau ko gobe. Ta rufa masa asiri sau ɗaya, ga abin da ya jawo mata. Yanzu zama kawai za ta yi. Wannan karon ma jira take, sai dai babu tabbacin nan a idonta.

Tabaraun ya zamo kan hancinsa. Ya ɗaga yatsa zai tura, ya fasa, ya cire shi gaba ɗaya ya ajiye a kan jaridar. Fuskokinsu biyu suka dushe, hakan ya ɗan taimaka.

"Zauna," ya ce wa matarsa.

Ta zauna a bakin kujera, tsumman goge hannu a kafaɗarta.

"Ranar nan," ya ce, "da aka buɗe ambulan ɗin. Tawa ce, ni na miƙa mata. Ina cikin ɗakin."